Ciwo da Kumburin Sha-raɓa

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Bayyana aikin da sha-raɓa ke yi wajen mayar da jini zuwa zuciya.
2. Bambance ciwon da za a iya jinyarsa a gida da wanda ke buƙatar asibiti a ranar.
3. Auna kaurin ƙafafu biyu da awon tela, ya kuma fahimci abin da bambancin ke nufi.
4. Faɗin dalilin da ya sa tausa, kaho da ɗauri mai tsauri ke da haɗari ga wasu masu kumburin ƙafa.

1. Abin da ke cikin sha-raɓa

Duk wanda ya taɓa ɗaga diddige don ya ciro kaya a saman kanta, tsokar sha-raɓa ce ta ɗaga shi. Manyan tsokoki biyu ne a wurin, ɗaya a kan ɗaya, suna haɗewa a ƙasa su zama agara, wadda ke manne da ƙashin diddige. Da su ake tafiya, da su ake tuƙa keke, da su tela ke taka kekensa.

Suna da wani aiki na biyu da ido ba ya gani. Zuciya tana tura jini zuwa ƙafa cikin sauƙi, domin gangara ce. Dawowar ita ce aiki. A tsakiyar tsokokin nan akwai jijiyoyi masu zurfi, kuma duk takun da mutum ya yi sai tsoka ta matse su, jini ya hau sama. A cikin jijiyoyin akwai 'yan ƙofofi da ke buɗewa ta sama kawai, saboda kada jinin ya koma. Idan ƙafa ta daina motsi na tsawon lokaci, wannan famfo ya tsaya ke nan.

> Akwatin ma'ana 1
> Sha-raɓa: naman bayan ƙafa, daga bayan gwiwa zuwa saman agara. Wasu na cewa dambubu.
> Agara: igiyar jiki mai ƙarfi da ta haɗa tsokar sha-raɓa da diddige.
> Jijiyar kai jini: wadda ke ɗauko jini daga zuciya zuwa ƙafa.
> Jijiyar mayar da jini: wadda ke komar da shi zuciya. Akwai na kusa da fata, akwai masu zurfi.

2. Tambayoyi uku kafin a taɓa ƙafa

Ƙwararren ma'aikacin lafiya ba ya fara da rubuta magani. Yakan fara da tambaya, kuma kowa na iya yi wa kansa irin tambayoyin a gida.

Ƙafa ɗaya ce ko duka biyu? Idan biyu ne suka kumbura daidai wa daida, yawanci matsalar tana sama, a zuciya, ƙoda ko hanta. Idan ɗaya ce, a ƙafar za a nemi dalili.

Farat ɗaya abin ya zo, ko a hankali? Kuma an ji rauni, ko kuwa haka kawai aka wayi gari da shi? Wanda ya ji tsoka ta tsinke masa yana tsakiyar gudu ya san mafarin ciwonsa. Wanda ya fi ba likita tsoro shi ne mai cewa, "Ban faɗi ba, ban bugu ba, kawai na ga ƙafar ta yi nauyi."

3. Gudan jini a jijiya mai zurfi

Wannan shi ne babban abin da darasin ya ƙunsa, domin shi ne ke kisa ba tare da ya yi kama da ciwon kisa ba.

Jini halitta ce mai daskarewa. Ba don haka ba, yankan reza ma sai ya ƙarar da mutum. Matsala tana zuwa ne idan ya daskare a inda ba a ji ciwo ba, wato a cikin jijiya. Kamar kunu ne a tukunya: muddin ana motsawa yana nan sumul, da an bar shi sai ya fara gudaji. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya yi nazarin wannan cuta a tsakiyar ƙarni na 19, kuma har yau da sunansa ake kiran dalilai uku da ke haddasa ta: jini ya daina gudu yadda ya kamata, bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Ranar haihuwarsa, 13 ga Oktoba, ita aka ware tun 2014 don wayar da kan duniya kan gudan jini.

> Akwatin ma'ana 2
> Gudan jini a jijiya mai zurfi: jinin da ya daskare ya toshe babbar jijiyar mayar da jini. A katin asibiti ana rubuta shi da haruffa uku, DVT.
> Toshewar jijiyar huhu: abin da ke faruwa idan gudan ya ɓalle, ya bi jini ta cikin zuciya, ya maƙale a huhu.

Su wa ya fi kamawa? Wanda ya kwanta jinya kwana 3 ko fiye. Wanda aka yi wa babbar tiyata, musamman ta ƙugu ko gwiwa. Wanda aka sa wa filasta a ƙafa. Mai ciwon daji, mai ƙiba sosai, mai cutar sikila, da wanda ya taɓa yin gudan a baya ko yake da shi a dangi. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin tana cikin jerin, balle idan tana shan taba. Akwai hanyoyin tazara da ba su da wannan sinadari, kuma ma'aikaciyar asibiti za ta iya sauya mata. Juna biyu yana ninka haɗarin kamar sau 4 zuwa 5, kuma makonni 6 na farko bayan haihuwa sun fi kowane lokaci haɗari. Wato daidai kwanakin da mai jego ke ɗaka kafin arba'in.

Sai doguwar tafiya. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ya nuna cewa zaman awa 4 ko fiye a jirgi ko mota ba motsi yana ninka haɗarin sau biyu. Adadin bai da yawa, kusan mutum 1 cikin 6,000, amma ya isa a kula. Jirgin alhazai daga Kano zuwa Jidda yana haura awa 4. Motar dare daga Kano zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ta ninka haka nesa ba kusa ba, ga fasinja a takure da kaya a ƙarƙashin ƙafa, yana ƙin shan ruwa don kada fitsari ya matse shi.

Alamun ba su da hayaniya. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi nauyi, ta yi ɗumi fiye da 'yar'uwarta. Ciwon yana kama da ɗaurewar tsoka da ta ƙi saki, yana ƙaruwa idan an tsaya ko an taka. A littattafai ana cewa fata takan yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Sai dai a ga wurin ya ƙara duhu ko yana sheƙi. Kusan rabin masu gudan ma ba sa ganin wata alama ko kaɗan.

*Yadda ake awo.* A samu awon tela. A laluba ɗan tudun ƙashi da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa ta gaba, a auna santimita 10 zuwa ƙasa, a sa alama da biro. A zagaya awon a daidai wurin, ba tare da an matse ba. A yi haka a ɗaya ƙafar. Idan bambancin ya haura santimita 3, alama ce mai nauyi.

Wannan awo ɗaya ne daga cikin ma'aunan da wani likitan Kanada, Philip Wells, ya fara tsarawa a shekarun 1990. Ana ba da maki 1 ga kowane ɗayan waɗannan: ciwon daji da ake kan magani, shanyewar ƙafa ko filasta, kwanciyar kwana 3 ko babbar tiyata cikin makonni 12, zafi idan an danna hanyar jijiyar, kumburin ƙafar gaba ɗaya, bambancin da ya haura santimita 3, kumburin da yatsa ke lotsawa a ƙafa ɗaya kawai, jijiyoyin fata da suka fito raɗa-raɗa sabo, da tarihin gudan jini. Idan akwai wata cutar da ta fi dacewa da alamun, sai a cire maki 2. Wanda ya samu 2 ko fiye, ana ɗaukar cewa akwai yiwuwar gudan sosai.

*Misali na 1.* Wani direban tirela ya dawo daga kudu, ya kwanta zazzaɓi kwana 4. Da ya tashi sai ƙafar hagu ta ƙi shiga takalmi. Ɗansa ya ɗauko man zafi ya ce, "Baba, miƙo in murza maka." Maƙwabcinsu, ma'aikacin lafiya ne, ya ce, "Dakata tukuna, yaro. Alhaji, bari mu auna." Dama ta ba da santimita 36, hagu 40.

Lissafi: 40 a cire 36, saura 4, ya haura 3, maki 1. Kwanciyar kwana 4, maki 1. An danna ƙwauri da yatsa ya lotsa a hagu kawai, maki 1. Jimla 3. Babu rauni, babu gyambo. Hukunci: asibiti a yau, a cikin mota, kuma babu tausa.

Me ya sa aka hana tausa? Domin sabon guda bai gama mannewa da bangon jijiya ba. Hannu mai ƙarfi na iya ɓalle shi. Haka ma gashi da ruwan zafi tare da dannawa. Kaho da tsagar wanzami kuwa ba sa kaiwa inda gudan yake. Jinin da suke fitarwa na fata ne, baƙinsa kuma ba shaidar cuta ba ce, haka jinin da ya taru a kaho yake. Abin da suke ƙarawa shi ne rauni a ƙafar da jininta ba ya gudu, da ɓata kwanakin da ya kamata a ce an fara magani.

> Akwatin gargaɗi
> Mai kumburin ƙafa ɗaya da ya fara haki ba dalili, ciwon ƙirji mai ƙaruwa da jan numfashi, bugun zuciya da sauri, tari da jini, ko suma, a ɗauke shi zuwa sashen gaggawa nan take. Kada ya taka da ƙafarsa, kada a jira gari ya waye.

Shahararriyar 'yar wasan tanis ta Amurka, Serena Williams, ta gamu da toshewar jijiyar huhu a 2011. A watan Satumba na 2017, kwana ɗaya bayan an yi mata tiyatar haihuwa, numfashinta ya fara sarƙewa. Da yake ta san alamar, ita da kanta ta nemi a yi mata hoton huhu a kuma sa mata maganin tsinka jini, hoton kuwa ya nuna gudaji. Ƙarfin jiki bai kare ta ba. Abin da ya taimake ta shi ne ta faɗi tarihinta da bakinta, ta kuma nace.

A asibiti, hoton sikanin na jijiyoyi, wanda ake kira Dofla, shi ke raba gardama. Na'ura ce irin ta awon ciki. Ana danna jijiya da kan na'urar: lafiyayya takan lotse, mai guda a ciki ba ta lotsewa. Babu allura, babu yanka. Ana samunsa a asibitocin koyarwa kamar na Aminu Kano da na Shika a Zariya, da manyan asibitocin jihohi da cibiyoyin hoto masu zaman kansu. Akwai kuma gwajin jini mai suna Di-daima. Amfaninsa a wajen mai ƙarancin maki ne: idan ya fito ƙasa, an kore zargi. Idan ya fito sama bai tabbatar da komai ba, domin juna biyu, tiyata da zazzaɓi duk suna ɗaga shi.

Maganin ana ce masa mai tsinka jini, ko da yake ainihin aikinsa shi ne hana gudan girma da hana sabo fitowa, har jiki ya narkar da tsohon da kansa. Akwai allurar hefarin da ake yi a fatar ciki, wadda aka fi sani da Clexane. Akwai ƙwayar wafarin, wadda aka fara sayarwa a matsayin gubar ɓera a 1948 kafin a amince da ita ga mutane a 1954. Tana da araha, amma sai da gwajin jini mai suna INR a kai a kai, ana neman awon ya tsaya tsakanin 2 da 3. Akwai sababbi irin su Xarelto da Eliquis, ba sa buƙatar wannan gwaji, sai dai aljihu ya san an saye su. Mafi ƙarancin lokacin sha wata 3 ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daina a mako na uku don kumburi ya sace.

Mai shan irin wannan magani ba ya haɗa shi da asfirin, ibufurofen ko dikulofenak sai da izinin likita, domin suna jawo zubar jini a ciki. Farasitamol ya fi aminci. Mai shan wafarin ba a hana shi alayyahu ko zogale ba, amma kada ya ci da yawa wannan mako ya daina a na gaba, saboda ganyen na rage ƙarfin maganin. Baƙin bayan gida, jini a fitsari, haɓo da ya ƙi tsayawa, duk dalilan komawa asibiti ne. Kuma ba a son mai gudan jini ya kwanta ya miƙe. Da an fara magani, tafiya kaɗan-kaɗan tana rage ciwon.

*Misali na 2.* Wata mai jego, kwana 12 da tiyatar haihuwa, ta ce wa kakar jaririn, "Inna, ƙafar hagun nan tun daga cinya take min nauyi." Tsohuwa ta ce, "Sanyin jego ne, 'yar nan, ruwan wanka zai gasa shi." A nan akwai babbar tiyata cikin makonni 12, akwai kumburin ƙafa gaba ɗaya, ga jego. Gudan masu ciki da masu jego ya fi son ƙafar hagu. Wannan ba ta jiran arba'in. Idan an tabbatar, ana iya ba ta Clexane ko wafarin tana shayarwa. Mai ciki ce ba a ba wafarin, don yana cutar da ɗan tayi.

Kariya ba ta da tsada. Matafiyi ya sauka ya taka duk inda mota ta tsaya salla ko shan mai, a zaune kuma ya riƙa ɗaga diddige da yatsu yana juya idon sawu. Ya sha ruwa. Majinyacin da aka yi wa tiyata, idan nas ta ce ya tashi ya taka washegari, ba rashin tausayi ba ne, magani ne.

4. Tsoka da agara

Mafi yawan ciwon sha-raɓa daga nan yake, kuma yawancinsa yana warkewa.

Ɗaurewar tsoka kowa ya san ta. Takan zo cikin dare, ko a gona a tsakar rana, ko ga mai azumi a watannin bazara. Tsoka ta dunƙule ta yi tauri na 'yan daƙiƙu ko mintuna, sannan ta saki. A miƙe gwiwa, a jawo yatsun ƙafa zuwa ƙwauri, a riƙe. A nan tausa ba laifi, domin babu kumburi. Wanda ta addaba kowane dare ya faɗa wa likita magungunan da yake sha, tunda wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna taimaka mata.

Yagewar tsoka takan samu magidancin da ya daɗe bai motsa ba, ya shiga fili ya zabura da gudu. Yakan waiwaya yana neman wanda ya jefe shi da dutse, alhali ba kowa. A kwana biyun farko a huta, a ɗaga ƙafa sama da ƙugu, a sa ƙanƙara naɗe cikin tsumma na minti 15 zuwa 20 sau da yawa a yini. Ledar ruwa mai sanyi ma ta yi. Man zafi da gashi a wannan lokaci ƙara kumburi suke. Ƙaramar yagewa takan warke cikin makonni 2 zuwa 6.

Tsinkewar agara ta fi wannan. Ana jin ƙara, mutum ya kasa tsayawa kan yatsu. Ita ce ta hana David Beckham buga gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, bayan ta tsinke masa a watan Maris na shekarar yana buga wa AC Milan. Gwajinta mai sauƙi ne: mutum ya kwanta rub da ciki, ƙafafu na lilo a bakin gado, a matse sha-raɓa. Idan agara na nan, tafin ƙafa zai motsa ƙasa. Idan bai motsa ba, sai likitan ƙashi, ko dai filasta ko ɗinki. Abin lura a nan: maganin sifurofuloksasin, wanda ake saye a kemis da sunan maganin taifot ba tare da gwaji ba, yana raunana agara, musamman ga wanda ya haura shekara 60 ko mai shan firednisolon. Wanda ya ji ciwon agara yana kan shansa ya dakata ya nemi likita.

5. Ƙafa mai zafi da zazzaɓi

Ƙwayoyin cuta na shiga ta kaushin diddige da ya tsage, ta tsakanin yatsun da ruwa ya ci, ta sartse ko ƙaya. Fata ta kumbura, ta yi zafi rau, ta yi sheƙi, kaluluwa ta fito a matsematsi, jiki ya ɗau zazzaɓi. Dabara mai amfani ita ce a zagaye iyakar kumburin da biro. Idan washegari ya tsallake layin, cutar na gaba.

Maganinta ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta ne na kwanakin da likita ya yanke, ba kafso biyu da za a fasa a barbaɗa a kai ba. Akwai masu cewa irin wannan kumburi ba ya son allura, da an yi sai ya yaɗu. Ba allurar ke yaɗa shi ba. Sau da yawa ba a zuwa asibiti sai ya riga ya yi nisa. A ƙasashe masu zafi kuma akan samu mugunya ta taru can cikin tsoka, tsokar ta yi tauri kamar katako kafin ta nuna, kuma sai an tsaga an fitar. Mai ciwon suga ba ya jiran kwana biyu da kowane irin rauni a ƙafa.

6. Idan jini bai isa ƙafa ba

> Akwatin ma'ana 3
> Ƙuncewar jijiyar kai jini: kitse da tauri sun rage faɗin jijiya, jini ba ya isar tsoka lokacin aiki.
> Matsewar tsoka: kumburi a cikin rufaffen ɗakin tsoka, har ya danne jijiyoyi jini ya kasa shiga.

*Misali na 3.* Wani dattijo mai shan taba da ciwon suga ya lura cewa duk sanda ya nufi masallacin Juma'a, a daidai wuri ɗaya ƙafarsa ke riƙewa. Ya tsaya ya gaisa da mutane minti biyu, ciwon ya tafi, ya ci gaba, ya sake dawowa. Babu kumburi, ƙafar ma ta fi ɗayar sanyi, gashin ƙwauri ya zube. Wannan ba gudan jijiya mai zurfi ba ne. Likita zai gwada ƙarfin jini a idon sawu ya raba da na hannu. Idan sawu ya ba da 98, hannu 140, sakamako 0.7 ke nan, kuma duk abin da ya gaza 0.9 yana nuna ƙuncewa. Magani: barin taba gaba ɗaya, saita suga da hawan jini, maganin rage kitsen jini, da tafiya ta minti 30 aƙalla sau 3 a mako, a tsaya idan ciwo ya zo a kuma ci gaba. Safar matse ƙafa da ke taimakon masu kumburin jijiyoyin fata tana iya cutar da wannan dattijo.

Idan kuwa ƙafa ta yi sanyi ƙalau farat ɗaya, ta koɗe, ta mutu da ciwo mai tsanani, jijiyar ta toshe gaba ɗaya. Awa 6 ne kacal kafin tsoka ta fara mutuwa.

Wa'adin matsewar tsoka ma kusan haka yake. Takan biyo bayan karayar ƙwauri, irin ta haɗarin babur. Masu ɗori suna da daraja a gari, kuma da yawa sun gaji sana'ar, amma karan ɗori da aka ɗaure tamau a kan ƙafar da ke kan kumbura shi ne sanadin yanke ƙafafu da dama, abin da likitocin ƙashi a Najeriya suka daɗe suna kuka da shi. Filastar asibiti ma idan ta matse haka take yi. Alamar ita ce ciwon da ya fi ƙarfin raunin, wanda magani ba ya taɓawa, yana tsananta idan an motsa yatsu, sai yatsun su fara mutuwa ko su canza launi. Ba jarumta ba ce a ce wa yaro ya daure. A kwance ɗaurin, a tafi asibiti.

7. Ƙafafu biyu, da sauran dalilai

Kumburin ƙafafu biyu da yamma ga mai tsayuwa a kasuwa, wanda ke sacewa da safe, ba abin tashin hankali ba ne. Maganin hawan jini amlodifin ma yana kumbura idon sawu. A nemi canji, kada a daina sha da ka. Amma idan ya haɗu da haki a kwance, ko kumburin fuska da safe, ko fitsari mai kumfa, ko ciki ya tara ruwa, a duba zuciya, ƙoda da hanta. Mai ciki da hannu da fuska suka kumbura tare da ciwon kai ko ganin dishi-dishi, a auna jininta a ranar, don gudun jijjiga. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun rubuta yadda gazawar zuciya ta yi yawa a tsakanin masu jego, suka danganta ta da yawan kunun kanwa da zafin wanka da na gado. Mai jegon da ƙafafunta biyu suka kumbura tana haki, zuciyarta za a fara dubawa.

Mai ciwon gwiwa na iya tara ruwa a wata jaka a bayanta. Idan jakar ta fashe, ruwan ya gangaro, alamun ba su da maraba da na gudan jini, sai Dofla ya bambance. Ciwon da ke sauka daga ƙugu zuwa diddige kamar wutar lantarki, ba kumburi, daga ƙashin baya yake. Tundurmi, wanda sauro ke yaɗawa, yana ɗaukar shekaru yana kaurara fata; rabon Mectizan da albendazol ya sa a 2017 aka sanar da kawar da shi a matsayin barazana a jihohin Filato da Nasarawa. Saran kububuwa kuwa yana kumbura ƙafa cikin awoyi, dafinta yana hana jini daskarewa. Ba a ɗaure sama da saran, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A hana ƙafar motsi a nufi inda ake da allurar dafi, kamar asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe.

Tambayoyin bita

1. Ta yaya tsokar sha-raɓa ke taimaka wa jini ya koma zuciya?
2. Kawo mutane biyar da gudan jini ya fi barazana gare su.
3. A ina ake sa awon tela, kuma bambancin santimita nawa ne ke da nauyi?
4. An cire wa wata mata filasta. Ƙafar dama ta ba da santimita 39, hagu 35, kuma ta taɓa yin gudan jini. Makinta nawa, kuma me za a yi?
5. Me ya sa aka yarda da tausa a ɗaurewar tsoka amma aka hana ta a kumburin ƙafa ɗaya?
6. Lissafa alamu huɗu da ke nuna guda ya kai huhu.
7. Ƙarfin jinin wani a sawu 120 ne, a hannu 150. Yi lissafi, sannan a faɗi ma'anarsa.
8. Waɗanne magungunan ciwo ne mai shan wafarin zai guje wa?
9. Aikin rukuni: an yi wa yaro ɗori jiya, yau yana kuka ba ƙaƙƙautawa, yatsunsa sun yi sanyi. Ɗalibai biyu su gwada yadda za a yi wa mahaifinsa bayani cikin ladabi har ya yarda a kwance ɗaurin.